Kamun kifi a Afirka ta Yamma

Kamun kifi a Afirka ta Yamma sana'a ce da ake yi a ruwa iri biyu: ruwan daɗi, wato koguna da tafkuna da fadamu da madatsun ruwa, da kuma ruwan gishiri na Tekun Atlantika, tun daga gaɓar Muritaniya har zuwa ta Najeriya. Miliyoyin mutane ne ke cin abinci da wannan sana'a, kama daga masunta zuwa masassaƙan jirage, masu yin banda, 'yan dako da 'yan kasuwa. Kifi shi ne nama mafi araha ga talakan yankin. A ƙasashe irin su Ghana da Gambiya da Saliyo, rabin sinadarin gina jiki da mutane ke samu daga dabbobi, ko ma fiye da rabi, daga kifi yake fitowa.

A ruwan daɗi, yawan kifi ya dogara ne kan cikar kogi da malalarsa cikin fadamu kowace shekara. A teku kuwa ya dogara kan tasowar ruwan sanyi daga ƙasan teku a wasu watanni sanannu. A 'yan shekarun nan ɓangarorin biyu duk suna cikin matsi, amma dalilansu sun bambanta. Madatsun ruwa da sauyin damina da rashin tsaro su ne suka fi damun masuntan koguna da tafkuna, yayin da kamun wuce kima da manyan jiragen waje da masana'antun garin kifi suka fi damun masuntan teku. Abin da ya biyo baya iri ɗaya ne a kasuwa: kifin gida ya yi tsada, girmansa ya ragu, kuma ana ƙara dogaro da wanda ake shigowa da shi daga waje.

Masunta da kayan aikinsu

A Hausa ana kiran aikin kamun kifi su, ana kiran mai yin sa masunci, jam'insa masunta. Shugabansu a gari shi ne Sarkin Ruwa, wanda bisa al'ada yake da ikon buɗe ruwa ko rufe shi. Akwai al'ummomin da suka gāji su iyaye da kakanni. A Kogin Neja akwai Bozo da Somono na Mali, da Sarkawa na Kabi da Yawuri waɗanda ake danganta asalinsu da Sorko na ƙasar Songhai. A tsibiran Tafkin Chadi akwai Buduma. A bakin teku akwai Lebu na Senegal, Fante da Ga da Ewe na Ghana, sai Ilaje da Ijaw na Najeriya. Masunta Hausawa kuma sun daɗe suna tafiya cin rani zuwa Tafkin Chadi da Kogin Binuwai.

Kayan su na ruwan daɗi sun haɗa da koma, birgi da ake jefawa, kalli da ake shimfiɗawa a bar shi ya kwana, taru da ake ja, mamari mai jerin ƙugiyoyi, da tarkuna irin su gura da undurutu. Kifayen da aka fi kamawa su ne tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, kawara, bargi, ragon ruwa, gaiwa, yauni da giwan ruwa. A teku ana amfani da manyan kwale-kwale na katako masu inji, waɗanda wasunsu kan ɗauki mutum fiye da 20 tare da tarun da ake kewaye garken kifi da shi.

Ruwan daɗi

Yawancin kifayen kogunan yankin suna hayayyafa ne da damina. Idan kogi ya cika ya malala cikin fadama, kifi kan bi ruwan ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da mafaka. A wannan lokaci kamu yakan yi ƙaranci domin kifi ya warwatsu. Idan ruwa ya fara janyewa, daga wajen Nuwamba zuwa tsakiyar rani, kifin yakan taru a magudanai da gurabe, kuma a nan ne ake babban kamu. Saboda haka faɗin ƙasar da ruwa ya rufe da daɗewar da ya yi a kanta su ne ke nuna yadda kakar su za ta kasance. Shekarar da ambaliya ta lalata gonaki, kamar 2022 da 2024, takan bar kifi mai yawa a fadamu, ko da yake takan kwashe jirage da taruna da gidajen masuntan.

Kogin Neja

Kogin Neja, mai tsawon kusan kilomita 4,180, yana tasowa daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali da Nijar da iyakar Benin kafin ya shiga Najeriya. Wurin da ya fi albarkar kifi shi ne babbar fadamar tsakiyar Mali, wadda Mopti ce cibiyar kasuwarta. A shekara mai ruwa Mali kan kama wajen tan 100,000, amma a lokacin farin shekarun 1970 da 1980 kamun ya faɗi zuwa kusan rabin haka. Madatsar Markala ta 1947 da ta Selingue ta farkon shekarun 1980 suna rage ruwan da ke isa fadamar. Tun daga 2015 kuma rikicin tsakiyar Mali ya hana masunta da yawa bin hanyoyinsu na ƙaura tare da ruwa.

Daga Yamai zuwa Yawuri kogin yana cika sau biyu. Cikar farko ta ruwan saman yankin ce, a Agusta da Satumba, ruwanta mai laka. Ta biyu ruwan Gini ce da ya daɗe a fadamar Mali kafin ya iso tsakanin Disamba da Fabrairu, lakarsa ta riga ta kwanta. A Nijar, yashi da ke cike gadon kogi na cikin manyan koke-koken masuntan Tilaberi da Yamai da Gaya.

A Najeriya, madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta haifar da tafki mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200. Kamu ya yi yawa a shekarun farko, daga baya ya sauka. A ƙarshen shekarun 1990 jihohin Neja da Kebbi sun haramta tarun dala, mai ƙananan idanu, domin yana kwashe 'ya'yan kifi tare da ƙananan kifayen da ake nema da shi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa, kusa da tafkin. A Kogin Binuwai kuma, madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, ta sauya lokacin cikar ruwa a Adamawa da Taraba.

Tafkin Chadi

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Bayan fari ya ragu zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, har ɓangarensa na arewa ya ƙafe a wasu shekaru. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa yana zuwa ne daga Shari da Logone, ƙalilan kuma daga Komadugu Yobe. Tun shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, sai dai yawancinsa fadama ce mai ciyayi. Wannan ya sauya irin kifin da ake samu: tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure ƙarancin iska a ruwa, sun rinjayi kifayen sararin tafki. Kayan aiki ma sun sauya, inda dumba, wato jerin gura da ake tare magudana da shi, ta yaɗu.

Babbar matsalar tafkin a yau ita ce rashin tsaro. Kafin rikicin Boko Haram, manyan motoci kan ɗauki banda daga Doron Baga zuwa Maiduguri, daga can su wuce Anacha da Inugu da Legas. Harin Baga na Janairun 2015 ya tarwatsa garin da kasuwarsa. A shekarar ce gwamnatin Nijar ta hana su da cinikin kifi a yankin Difa don toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi, ba ta ɗage haramcin ba sai a 2019. Sojojin Najeriya ma sun sha taƙaita safarar kifi a Borno. Masuntan da suka koma ruwa suna tsakanin harajin da ƙungiyoyi masu makamai ke karɓa a tsibirai da kuma zargin haɗa baki da su daga ɓangaren jami'an tsaro.

Fadamar Haɗeja da Nguru

Wannan fadama tana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi, inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke bazuwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar damina, suka kuma sa ruwa yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwa shi kacalla ke so, don haka ta toshe magudanai ta hana jirage da taruna wucewa. An ga irin wannan a Kogin Senegal bayan gina madatsar Diama a 1986 da ta Manantali a 1988.

Tafkin Volta

Tafkin Volta na Ghana ya samu ne bayan gina madatsar Akosombo a 1965, kuma faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 8,500. Shi ne ke ba Ghana mafi yawan kifinta na ruwan daɗi, Yeji kuma na cikin manyan kasuwanninsa. Kututturan itatuwan da ruwa ya nutsar suna yaga taru suna kifar da jirage, amma kuma su ne mafakar kifi. An daɗe ana kokawa kan sa yara aikin nutso don kwance tarun da ya maƙale a cikinsu.

Ruwan gishiri

Albarkar tekun yankin tana zuwa ne daga iska. Idan iska ta tura ruwan saman teku nesa da gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi da sinadarai yakan taso ya maye gurbinsa. Ƙananan halittun da kifi ke ci sai su yawaita, garken kifi ya biyo su. A arewacin Muritaniya hakan na faruwa kusan duk shekara. A Senegal da Gambiya yana faruwa daga Nuwamba zuwa Mayu. A Ghana da Kwaddibuwa babban lokacin shi ne Yuli zuwa Satumba, sai wani ƙarami a wajen Janairu. Gaɓar Najeriya ba ta da wannan tasowa sosai, shi ya sa kifinta ya fi dogara kan bakin koguna da tafkunan gaɓa.

Kifin da ya fi muhimmanci ga abincin jama'a shi ne ƙananan kifayen saman ruwa, musamman sardinela iri biyu da bonga. Masana na kwamitin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna sanya su cikin kifayen da ake kamawa fiye da kima a arewa maso yammacin Afirka. Ɗumamar ruwa kuma tana sa sardinela matsawa arewa, wajen Maroko.

Muritaniya, Senegal da Gambiya

Manyan tashoshin saukar kifi a nan su ne Nuwadibu da Nuwakshot a Muritaniya, sai Saint-Louis da Kayar da Mbour da Joal a Senegal. Tun wajen 2010 masana'antun garin kifi da man kifi suka yawaita a Nuwadibu, wasu kuma suka buɗe a Senegal da garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong na Gambiya. Suna niƙa sardinela da bonga su fitar da garin zuwa Sin da Turkiyya da Turai don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce kifin da ake niƙawa ya wuce tan rabin miliyan a shekara, wanda zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Matan da ke banda da busar da kifi su ne suka fi jin jiki, domin ba sa iya gogayya da masana'antu a farashi.

A Mayun 2024 Tarayyar Turai ta yi wa Senegal gargaɗi kan raunin yaƙi da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, kuma yarjejeniyar da ta ba jiragen Turai damar kamu a ruwan Senegal ta ƙare a Nuwamban shekarar ba tare da an sabunta ta ba. Masuntan Saint-Louis kuma suna kokawa kan shingen da aka yi wa wurin haƙar iskar gas a kan iyakar Senegal da Muritaniya, wanda ya raba su da wani wurin kamu da suka saba. Ƙarancin kifi na cikin dalilan da ake bayarwa na yadda matasa ke shiga kwale-kwalen su zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, inda baƙin haure sama da 46,000 suka isa a 2024.

Ghana

Kamun sardinela a Ghana ya faɗi ƙwarai tun daga shekarun 1990. Dalilan sun haɗa da yawan kwale-kwale, kamu da fitila da dare, taru mai ƙananan idanu, da cinikin da ake kira saiko. A saiko, manyan jiragen jan taru suna kama ƙananan kifayen da ba su da izinin kamawa, su daskarar da su, su sayar wa wasu kwale-kwale a tsakiyar teku. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation ta ƙiyasta cewa kusan tan 100,000 aka sauke ta wannan hanya a 2017. Tarayyar Turai ta yi wa Ghana gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake yi a 2021.

Gwamnati ta fara rufe teku ga manyan jirage na wasu watanni tun 2016, ta haɗa da masu kwale-kwale a 2019. A 2025 an cire masu kwale-kwale daga rufewar, kuma sabuwar dokar kamun kifi ta shekarar ta faɗaɗa yankin da aka keɓe musu daga mil 6 na teku zuwa 12.

Najeriya

Gaɓar Najeriya tana da tsawon kusan kilomita 853. Ƙananan masunta suna kama bonga da sauran kifayen bakin ruwa, manyan jirage kuma sun fi neman jatan lande don fitarwa waje. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana manyan jirage jan taru a cikin mil 5 daga gaɓa, amma masunta na yawan ƙorafin ana keta iyakar ana yaga musu taru. A Neja Delta malalar ɗanyen mai ta kashe kurmin bakin ruwa inda kifi ke hayayyafa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna girman ɓarnar a ƙasar Ogoni, kuma a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya al'ummar Bodo fam miliyan 55 kan malalar da ta fara a 2008. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara tsadar fita teku ga duk mai jirgin inji.

Sarrafawa da kasuwanci

Saboda zafi da ƙarancin wutar lantarki, yawancin kifin da ƙananan masunta ke kamawa ana banda shi ne ko a busar ko a sa masa gishiri. A bakin teku wannan aiki da cinikinsa suna hannun mata. Murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a Ghana a 1969, ya yaɗu a yankin domin yana cin itace kaɗan. Ƙwari da ruɓewa suna cinye wani kaso na banda kafin ta isa kasuwa, wasu 'yan kasuwa kuma suna fesa mata maganin ƙwari, abin da ke da haɗari ga lafiyar mai ci.

Alƙaluman da gwamnatin Najeriya ke bayarwa sun nuna ƙasar na buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, amma abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan da yawa ba. Ana cike wani ɓangare na giɓin da kifin ƙanƙara daga Turai da Rasha da wasu ƙasashe, irin su titus da kote da ake gani a kasuwannin Kano da Kaduna. Ghana da Kwaddibuwa ma suna shigo da kifi mai yawa. Saboda haka faɗuwar darajar naira ko sidi takan bayyana nan da nan a farashin kifi.

Kiwon kifi

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, a tafkunan ƙasa da na siminti da na tamfol. Ghana kuma ta fi kiwon karfasa a keji cikin Tafkin Volta. Abinci shi ne ke cin mafi yawan kuɗin mai kiwo, kuma tsadar masara da waken soya da garin kifi ta sa wasu sun rufe gonakinsu. A Ghana wata cutar ƙwayar bairus ta kashe karfasa masu yawa daga ƙarshen 2018, sannan sakin ruwan Akosombo a Oktoban 2023 ya tafi da kejuna da dama. Kiwon yana da alaƙa da matsalar teku, domin garin kifin da ake sa wa a abincin kifin kiwo daga ƙananan kifayen teku ake yin sa.

Dokoki da al'adun kare ruwa

Tun kafin dokokin gwamnati, al'ummomi suna da hanyoyin hutar da ruwa. A yawancin gaɓar Ghana ba a fita teku ranar Talata. A ƙasar Hausa Sarkin Ruwa kan rufe gurbi har sai ranar da aka sa don su na gayya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, yana kan wannan tsari ne, domin ana hana su a Matan Fada har ranar gasa. Haka bikin Sanke Mon na garin San a Mali, da na Nwonyo a Ibi ta jihar Taraba.

A matakin ƙasashe akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, mai hedikwata a Njamena. Akwai hukumar kamun kifi ta ƙasashe bakwai na arewacin gaɓar, da aka kafa a 1985 mai ofis a Dakar, da kwamitin ƙasashe shida na Mashigin Tekun Gini, daga Laberiya zuwa Najeriya, da aka kafa a 2007 mai ofis a Tema. A 2023 Najeriya ta kafa ma'aikatar harkokin teku, wadda sashen kamun kifi ya koma ƙarƙashinta. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta hana tallafa wa jiragen da ke kamu ba bisa ƙa'ida ba ta fara aiki a Satumban 2025.

Kusan duk ƙasashen yankin sun haramta kamu da guba, irin su Gamalin, da nakiya da taru mai ƙananan idanu. Inda ake samun cikas shi ne aiwatarwa: jiragen sintiri da ma'aikata sun yi kaɗan, kifi yana ƙetare iyakokin ƙasashe, kuma masuncin da aka hana shi ruwa na wata guda yana buƙatar abin da zai ciyar da iyalinsa a wannan watan.